Allo, Alli Da Kwamfuta A Unguwar Arawa

A unguwar Arawa ta birnin Gombe, ba abin mamaki ba ne a ga yaro ɗaya ya yi karatu da abu uku a yini guda: da asuba allon katako, da hantsi allon bango da littafi, da dare kuwa wayar wansa. Kowannensu da irin horon da yake yi wa ƙwaƙwalwa.

Allo shi ne dattijonsu. Tun kafin Buba Yero ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kafa masarautar Gombe a farkon ƙarni na 19, da shi ake karatu a ƙasashen nan. Dalili kuwa a fili yake. Takarda a wancan zamani daga Italiya ake kawo ta, ta biyo Tarabulus, ta ratso Sahara bisa raƙumi, saboda haka ta fi ƙarfin ƙolo. Allo kuwa masassaƙi ne ke fitar da shi daga itace irin aduwa, tawada daga gawayi da ƙaro, alƙalami daga gamba.

To, ga inda hikimar take. Allo ba ya cin rubutu da yawa, tilas a wanke na jiya kafin a rubuta na yau, malam kuwa ba ya yarda a wanke sai almajiri ya biya ba gargada. Watau abin da ya bar allo ba shi da wurin zama sai ƙirji. Da wannan aka sami alarammomi da gwanaye masu rubuta Alƙur'ani ɗungum da ka, abin da ake kira satu. Har wa yau, da yake kowa da allonsa, kowa da tafiyarsa: wannan yana babbaƙu, wancan farfaru, wani ya kama hadda, duk a zaure ɗaya, ba mai jiran wani.

Makarantar boko, wadda Hanns Vischer, watau Ɗan Hausa, ya buɗe irinta a Nasarawa ta Kano a 1909, ta zo da wani tsari dabam. Allon bango ɗaya ne, yara da yawa, don haka aka kasa su aji aji, mai sauri ya jira, mai nawa ya bi da gudu. Sa'an nan aka ga ba abin karantawa da Hausar boko. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Magana Jari Ce ta biyo baya daga 1937. Nan ne yaro ya fara keɓewa da littafi don nishaɗi, ba don a biya wa malam ba. Shirin UPE na 1976 ya cika azuzuwa maƙil, littafi ya kasa isa kowa, aikin ya koma kwafe abin da ke bango.

Da annobar korona ta rufe makarantu a 2020, gidajen rediyo da talabijin sun watsa darussa. Lalle sun yi amfani, sai dai rediyo ba ya jin ɗalibi in ya yi kuskure, abin da malamin zaure ke kamawa ko yana cikin hira.

Yanzu kwamfuta ce ke bakin ƙofa. Tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta ta shiga jami'a bisa kwamfuta. Yaron Arawa mai son shiga Jami'ar Jihar Gombe, wadda aka kafa a 2004, ko Kwalejin Ilmi ta Tarayya ta koyon sana'a da ke garin, dole ya zauna gaban na'urar da makarantarsa wataƙila ba ta taɓa nuna masa ba, agogo na tafiya yana lalaben madannai.