Ido Ko Alƙalami: Gardamar 'Yan Kallon Ƙwallo A Kaduna

Duk wanda ya saba zagaya unguwannin Kaduna da la'asar sakaliya, daga Kawo zuwa Unguwar Sarki, ko Malali da Unguwar Rimi, ya san da wuya a wuce fili ba a ga yara suna buga ƙwallo ba, da manya a gefe suna kallo. In an tashi, sai a koma teburin mai shayi a buɗe gardama: wane yaro ne zai kai, wane ne kuma zai tsaya a hanya? Wani ya ce ya ga gudu, wani ya ce ya ga yanka, wani kuma ya ce ƙwallaye nawa ya ci tukuna?

Mutanen Kaduna suna da hujjar yarda da idonsu. Ran 3 ga watan Agusta, 1996, Nijeriya ta ci Ajantina 3 da 2 a wasan ƙarshe na gasar Olimfik ta Atlanta, kuma biyu daga cikin ƙwallayen nan uku haifaffun Kaduna ne suka jefa su, watau Celestine Babayaro da Daniel Amokachi. Tijjani Babangida da Garba Lawal, waɗanda su ma a Kaduna aka haife su, suna cikin tawagar. Shi Amokachi a ƙungiyar Ranchers Bees ya fito, yana ɗan shekara goma sha bakwai Clemens Westerhof ya tafi da shi gasar cin kofin Afirka ta 1990 a Aljeriya. Babu wata na'ura da ta nuna waɗannan samari, ido ne ya gan su.

To, amma ido yakan tuna wanda ya yi nasara ne, ya manta da ɗimbin waɗanda ya yaba suka ɓace. A kan wannan, babu inda aka fi yin nazari kamar Amirka, a wasan besbol, wanda a ke jefa wa ɗan wasa ƙwallo ya doke ta da kulki, sa'an nan ya ruga ya zagaya zanguna huɗu. Tun shekarar 1965 manyan ƙungiyoyin wasan su ke taruwa kowace shekara suna zaɓen sababbin 'yan wasa daga makarantun sakandare da jami'o'i, bi da bi, an fi bai wa ƙungiyoyin da suka ƙare a baya damar fara ɗauka. Watanni kafin ranar zaɓen masu sha'awar wasan su ke fara muhawara a kan yaran, kamar dai yadda a ke yi a Kawo.

Duk da masu farautar 'yan wasa da ƙungiyoyin ke biya, kuskure bai ƙare ba. A 1991 ƙungiyar New York Yankees ta ɗauki Brien Taylor a matsayin na ɗaya a ƙasar baki ɗaya, amma ya ji rauni a kafaɗa, bai taɓa buga wasa a babban rukuni ba. Mike Piazza kuwa sai a zagaye na 62 aka ɗauke shi a 1988, bayan an zaɓi mutum 1,389 kafinsa, ga shi kuma ya zama ɗaya daga cikin gwanayen da tarihin wasan ke ji da su.

Gyaran ya faro ne daga 'yan kallo. Wani mai gadin dare a Jihar Kansas, Bill James, ya fara buga ɗan littafinsa na lissafin besbol a 1977. Da can a kan auna mai duka da yawan dukan da ya yi daidai, wanda ya sami uku cikin goma shi ne gwani. James da ire-irensa suka nuna cewa wannan awo ya bar wani abu a baya: ɗan wasa mai haƙuri, wanda ba ya kai wa mummunar jifa duka, in aka yi masa irinta sau huɗu sai a ba shi zangon farko kyauta. Abin da ke kawo nasara shi ne sau nawa mutum ya isa zango, ko ta wace hanya. Billy Beane na ƙungiyar Oakland Athletics ya yi aiki da wannan, ya tattara 'yan wasa masu araha da wasu suka raina, a 2002 suka ci wasa 103, har da ashirin a jere.

Darasin da ke ciki shi ne, ba kowane adadi ne ke faɗin gaskiya ba, kuma ƙwallon ƙafa ma haka ne. Yanzu manyan ƙungiyoyin Turai suna auna kowane hari da yiwuwar shigarsa raga. Bugun fanareti a kan ci wajen uku cikin huɗu, alhali kuwa harbi daga nesa ƙwarai da ƙyar a ci ɗaya cikin ashirin. Saboda haka yaron da kullum ya ke samun kansa a bakin raga, ko da bai ci ba a mako biyu, ya fi wanda ya yi sa'ar harbi guda daga tsakiyar fili alamar ɗorewa.

Sa'an nan akwai maganar yawan wasannin da aka auna. Gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17, wadda Nijeriya ta ci sau biyar, wasa bakwai ne kacal ga waɗanda suka kai ƙarshe a shekarun 2007 da 2015. Macauley Chrisantus ya fi kowa cin ƙwallo a 2007, da guda bakwai, ya tafi Hamburg ta Jamus bai sami gurbi ba. Victor Osimhen ya ci goma a 2015, ya je Wolfsburg bai ci ko ɗaya ba, har wasu suka yanke ƙauna, sai ga shi a 2023 ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka. Wanda ya yi hukunci da wasa bakwai, ko da shekara guda, zai iya yin kuskure ta kowane ɓangare.

Adadin da ya fi kowane muhimmanci kuwa shi ne shekarun haihuwa. Ɗan shekara ashirin da biyu a cikin 'yan goma sha shida dole ya yi fice, amma ficen nan ba ya nuna kome game da gobe. Shi ya sa a gasar 2009, wadda aka yi wasu wasanninta a filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna, hukumar FIFA ta kawo gwajin ƙashin wuyan hannu don tantance shekaru.

Abin da ya rage wa Kaduna shi ne rubutu. Ana buga gasannin unguwa da na makarantu, a tashi ba a rubuta wa ya buga, minti nawa, wa ya ba da ƙwallo aka ci ba. Inda babu rubutu, sai bakin dillali ya zama shaida, kuma an sha jin iyayen da suka sayar da kadara don kai ɗansu gwaji waje, aka bar shi a can ba ƙungiya ba kuɗin dawowa. Littafi ɗaya da alƙalami a hannun kowane mai horar da yara, da takardar haihuwa ta gaskiya, ba su fi ƙarfin kowace unguwa ba. In aka samu shekara uku ana haka, masu gardama a teburin mai shayi za su sami abin da za su gwada idonsu da shi, iyaye kuma su san abin da ɗansu ya iya kafin su kwance jakarsu.