Me ke cinye itatuwan Barmu?

Murhu ne kan gaba. Akasarin gidajen Barmu da birnin Tawa da itace suke girki, gas kuwa sai mai hali. Ga gonakin hatsi na faɗaɗa, ga makiyaya na sare rassan gawo idan rani ya tsananta. Dama farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa masu yawa.

Inda aka sare, iska kan binne sabuwar shuka da rairayi, manomi ya sake neman iri. Ruwan damina ba ya shiga fako, gangarowa yake daga duwatsun Adar yana zaizayar gonaki.

Amma akwai mafita: a Keita, aikin jera duwatsu da dashe da aka fara a 1984 ya farfaɗo da fako. Manomi, idan kana sharar gona, ka bar tohon gawo ya girma.