ME KE CINYE TAYAR MOTA MAI TAGWAYEN INJI TUN LOKACI BAI YI BA?

Na san wani zai ce ina ruwan mujallar Hausa da tayar mota? To, ni dai da ruwana, domin da motar da zan ba ku labarinta ake biya mini kuɗin makaranta. Kawuna ne yake haya da ita a cikin garin Ibadan. Bayan da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, sai ya sayar da tsohuwar motarsa, ya ci bashi ya cika, ya sayi ta hannu, irin wadda mu Yarbawa muke ce wa tokunbo. Kanikawa suna kiran irinta haibirid, ni kuwa a wannan maƙala zan kira ta mota mai tagwayen inji. Mai kam ta rage masa shi sosai. Amma ba a yi wata takwas ba sai ga tayoyin gaba, waɗanda ya saya sababbi fil, sun suɗe har waya ta fara leƙowa. An yi gudun gara ke nan an faɗa gidan zago, don ribar da ya samu a gidan mai ta tafi shagon taya.

Da farko dai, mece ce wannan mota? Mota ce mai injin fetur kamar kowace, sannan tana da injin lantarki da wani babban batir da ke ba shi wuta. Kwamfutar motar ce take zaɓen wanda zai ja ta, ko kuma su haɗu su ja tare. Kamfanin Toyota ne ya fara ƙera irinta da yawa don kasuwa, lokacin da ya fito da Prius a Japan a shekarar 1997, sai Honda ya biyo baya da Insight a 1999.

Akwai abubuwa a ƙirar irin wannan mota da suke ƙara wa taya aiki. Batir da injin lantarki kaya ne, saboda haka takan fi 'yar'uwarta mai fetur zalla nauyi, nauyin nan kuwa a kan taya yake sauka. Haka kuma injin lantarki ba ya jinkiri: da an taka totur yake sakin ƙarfinsa nan take, ga shi ba ya ƙara. Direban da ya saba da kukan inji ya riƙa gaya masa cewa ya matsa da yawa, a nan babu mai gaya masa. Duk tashin da kawuna zai yi a gosulo, robar taya yake gogewa a kan kwalta bai sani ba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne birki. Idan direba ya ɗaga ƙafa ko ya taka birki a hankali, injin lantarkin yakan juye ya zama janareta, ya riƙe motar, ya mayar da ƙarfin gudunta ya zama wuta a cikin batir. Wannan riƙewa kuwa ta ƙafafun da injin yake juyawa take bi, kuma a yawancin ƙananan motocin nan ƙafafun gaba ne. Wato tayoyin gaba su ne masu ja, su ne masu shan kwana, su ne kuma masu tsayarwa, na baya suna biye kamar 'yan rakiya. Ƙari a kan haka, tayoyin da ake sa wa irin waɗannan motoci an yi su ne don su mirgina cikin sauƙi a rage shan mai, wasunsu ma zanensu ba shi da zurfi tun daga kamfani.

Duk da haka, a ganina, waɗannan dalilai ba su isa su kashe sabuwar taya cikin wata takwas ba. Na fahimci haka ne ranar da na raka kawuna unguwar Sabo wajen wani dattijo mai faci, inda na zama tafinta. Da na gaishe shi da Hausa ya yi murna, ya ce, "Ɗana, kawo hannunka." Ya ɗora tafina a kan tayar, ya sa na shafa daga waje zuwa ciki, sannan daga ciki zuwa waje. Ta ɗaya ɓangaren sumul, ta ɗayan kuma kamar haƙoran zarto. Na ce, "Baba, me wannan yake nufi?" Ya ce saitin ƙafa ya goce, tayar ba ta kallon gaba sosai, jan ta ake yi a karkace.

Ashe taya tana da nata rubutun, sai dai a iya karantawa. Idan tsakiyarta ce ta cinye, iska ta yi yawa. Idan gefe da gefe ne suka cinye tsakiya tana nan, iska ta yi kaɗan. Idan gefe ɗaya ne kawai, musamman na ciki wanda ido ba ya gani sai an karya sitiyari, matsalar saiti ce, abin da kanikawa ke kira alaimen. In kuwa ta yi tudu da kwari a kewaye, a duba shokabzoba ko a yi balansin. Tayoyin kawuna laifi biyu suka nuna. Ramukan hanya sun kwance masa tayarod, wato sandar da take haɗa sitiyari da ƙafa. Sannan shi da kansa ya riƙa sa a rage masa iska wai don kada fasinja su ji girgiza. Da aka sa geji, 27 aka samu.

Maganar iska tana buƙatar a tsaya a kanta, domin a nan mutane da yawa suke kuskure. Lambar da ke jikin taya ita ce iyakar abin da za ta iya ɗauka, ba ita ce ta amfanin yau da kullum ba. Adadin da ya dace yana rubuce a wata 'yar takarda da aka manna a jikin ƙofar direba. Misali, Prius ƙirar 2004 zuwa 2009 mai rim 15 tana son 35 a gaba, 33 a baya. Da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi, don zafi yana ɗaga awon, kuma ko babu huji taya takan rage iska a hankali, shi ya sa ake so a duba aƙalla sau ɗaya a wata. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwasa, ta yi zafi, ta cinye, ta kuma ƙara shan man da aka sayi motar don a guje masa.

Dattijon ya tambayi kawuna yaushe rabon da ya sauya wa tayoyin wuri, na gaba su koma baya. Kawuna ya ce bai taɓa ba. Masu ƙera motoci sukan ce a yi haka duk bayan kilomita 8,000 zuwa 10,000. Ina zargin ma lafiyar birkin motar ce ta jawo wannan sakaci: tun da injin lantarki yake yin yawancin aikin tsayawa, takalmin birki yakan daɗe, ƙafa ba ta fita, babu wanda yake leƙa bayan taya.

Kafin mu tafi ya nuna mini abu biyu. A cikin kwarin zanen taya akwai wasu 'yan tudu masu tsayin milimita 1.6, idan zane ya yi daidai da su, taya ta gama aiki. Akwai kuma lambobi huɗu a gefenta masu faɗin ranar haihuwarta: 2319, alal misali, na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Mai sayen taya gwanjo ya fara duba nan, don roba tana tsufa ko da zanenta yana da kyau.

Kawuna ya canza tayarod, aka yi masa saiti, ya sayi tayoyi biyu da geji ɗan ƙarami da yake ajiyewa a aljihun mota. Ni kuma na dawo makaranta da kalmar "suɗe", wadda a da nake zaton sai ga kwanon tuwo ake faɗinta.