Sabuwar kwamfuta da zafin Damagaram: a auna kafin a biya

Garin Dogo, da ke kudu da birnin Damagaram kan hanyar Magarya, ya zama cibiyar ƙaramar hukuma tun zaɓen 2004, kuma kamar sauran garuruwan yankin Mirya, aikin takarda ya ƙaru a cikinsa: takardun haihuwa, jerin sunayen ƴan makaranta, lissafin fatake da ke kai da komowa tsakanin Kano da kasuwar Dole. Yau galibin wannan aiki a na'ura mai ƙwaƙwalwa ake yin sa, wadda ma'aikata ke kira ordinatar, sauran jama'a kuma kwamfuta. Da yawa daga masu saye ba sa ɗaukar wadda aka rufe tun daga masana'anta. Sun fi son a sayo musu kayan ɗaya bayan ɗaya, wani daga Kano, wani daga Legas, wani ɗan Kwatano, sannan wani matashi mai hannu ya harhaɗa musu a shagonsa. Hakan ya fi araha, kuma babu laifi a cikinsa.

Inda matsalar take shi ne ranar karɓa. Mai saye yakan tsaya ya ga allo ya haska, ya ji sauti ya fito, ya ƙirga kuɗi ya miƙa. Ba safai ake tambayar abin da zai yanke wa na'urar tsawon kwananta ba, wato zafin da ke cikinta idan ta ɗauki aiki.

Duk wutar da kwamfuta ta sha, zafi take komawa. Ƙwaƙwalwar na'urar ofis takan ci wat 65, kusan daidai da tsohon ƙwan lantarki mai wat 60 wanda ba a iya riƙewa da hannu idan ya jima a kunne, alhali ita faɗinta bai wuce na kan sarki da ake manna wa wasiƙa ba. Shi ya sa ake ɗora mata ƙarfe mai haƙora kamar matsefi, a kafa fanka a kansa, kwatankwacin lagireton mota. Idan an ƙara katin hoto irin na masu haɗa bidiyon biki, zafin yakan ninka sau uku ko huɗu.

Abin da ya kamata kowane mai saye ya riƙe shi ne, fanka ba ta ƙirƙirar sanyi. Iskar ɗaki take ja ta busa wa ƙarfe, don haka ba za ta taɓa sauko da shi ƙasa da zafin ɗakin ba. Kamfanonin da ke ƙera kwamfutar tebur galibi sukan rubuta a takardunsu cewa a yi aiki da ita a ɗakin da bai wuce digiri 35 ba. A Damagaram kuwa, a watannin Afirilu da Mayu zafin inuwa kan haura 40, balle shagon da aka rufe da kwano ba silin. Lissafin mai sauƙi ne. Idan an gwada wata ƙwaƙwalwa a Faransa cikin ɗaki mai digiri 22 ta nuna 75, ta ɗara ɗakin da 53 ke nan. A kawo ta Dogo a ajiye a ɗaki mai digiri 42, za ta tasam ma 95. Kaya ɗaya ne, aiki ɗaya, ɗakin kawai ya sauya.

Digiri 95 kuwa bakin iyaka ne. Yawancin ƙwaƙwalen kamfanin Intel an yanka musu 100, na AMD na baya-bayan nan kuma 95. Da sun kai can sai su rage gudu da kansu don kada su ƙone, idan abin ya ci tura su kashe na'urar baki ɗaya. Wannan dabara tana ceton ƙwaƙwalwa, amma tana ɓoye ciwon. Sakatare zai ga na'urarsa tana tafiya garau da safe, bayan azahar ta koma jan ƙafa, sai ya ɗora wa ƙwayar cutar kwamfuta laifi, ko ya ce an sayar masa da jabu. A kai ta wurin gyara, a goge komai a sake zubawa, a biya, ta dawo yadda take. Sauran kayan ciki kuma ba su da wannan kariya. Faifan ajiya mai juyawa ana son kada ya wuce digiri 60, na zamani marar juyawa kuma 70. Ƙananan ganguna masu tara wuta da ke kan babban faranti da cikin akwatin wuta, masana lantarki na da ƙa'idar cewa duk ƙarin digiri 10 na rage kwanansu da rabi. Ran da faifai ya mutu, ba ƙarfe kaɗai ake asara ba, har da littafin bashin ɗan kasuwa na shekara guda.

Yadda ake aunawa

Awon ba ya bukatar sayen komai, domin akwai ma'auni a cikin kayan tun daga masana'anta. Da an kunna na'ura aka shiga shafin farko da ake kira BIOS, za a ga zafin ƙwaƙwalwa da gudun kowace fanka. Idan tun a nan, ba ta fara aikin komai ba, lambar tana hawa ba tsayawa, to a kashe nan take, akwai abin da bai zauna daidai ba. Bayan haka akwai manhajoji na kyauta irin su HWMonitor da Core Temp da ke nuna lambobin a kan allo, da wasu irin su Cinebench da Prime95 da ke ɗora wa ƙwaƙwalwa kaya iya ƙarfinta. A bar ta da wannan kaya minti 20 zuwa 30, a ga inda lambar za ta tsaya. Idan ta tsaya ƙasa da 85 a ɗaki mai zafi, an yi dace. Idan cikin minti biyu ta buga 95 ta liƙe a can, a ce wa mai haɗawa ya sake buɗewa.

Lokacin gwajin ma abin lura ne. Gwajin da aka yi da hantsi a watan Janairu, ko a shagon da kilima ke busawa, shaidar zur ce. Wanda ya san ciwon kuɗinsa zai nemi a yi tsakanin azahar da la'asar, murfin akwati a rufe kamar yadda za a yi aiki da shi, kuma a rubuta a bayan rasit lambobi biyu: zafin ɗaki da zafin ƙwaƙwalwa. Ranar da aka samu saɓani, waɗannan lambobi sun fi rantsuwa amfani. Akwai kuma wani ɗan gwaji da kowa zai iya: a cire murfin gefe ana cikin aiki. Idan lambar ta faɗi sosai, to akwatin ne ke shaƙe iska.

Kurakuran da ake samu a sabon haɗi ba su da yawa, kuma kusan kullum su ne dai. Ƙarfen sanyaya yakan zo da siririyar leda manne a gindinsa, mai gaggawa ya manta bai ɓare ba. Tsakanin ƙarfen da ƙwaƙwalwa ana ɗiga wani kirim mai launin toka, kamar ƙwayar wake, don ya cike ƴan ramukan da ido ba ya gani. Wani ya manta da shi, wani ya lafta kamar yaɓen soro. Kusoshi huɗu na ƙarfen kuma ana ɗaure su ne kaɗan-kaɗan a gicciye, yadda direba ke ɗaure taya, in ba haka ba gefe ɗaya ya ɗage.

Sai hanyar iska. Maginan Birni da suka tayar da fadar Sarkin Damagaram da gidajen ƙasa masu kaurin bango sun san cewa ɗaki na bukatar mashiga da mafita, shi ya sa suke barin ƴar taga can sama. Akwatin kwamfuta ma haka ne: iska ta shigo ta gaba da ƙasa, ta bi ta kan kaya, ta fice ta baya da sama. A jikin yawancin fankoki akwai ƴar kibiya da ke nuna inda take busawa, kuma fanka ɗaya da aka juya baibai ta isa ta sa zafi ya yi ta kewaya a ciki. Akwatunan yayi masu gilashi a gaba da fitilu kala-kala suna da kyan gani a shago, amma a ƙasar nan mai raga a gaba ya fi su nesa ba kusa ba. Wasu kuma na ɗokin sanyaya da ruwa, suna zaton kamar randa ce. Randa tana sanyaya ruwa ne saboda tana tsattsafowa iska na ɗauke danshin. Ruwan kwamfuta a rufe yake cikin bututu, ɗaukar zafi kawai yake ya kai wa fanka, kuma yana zuwa da famfo wanda idan ya tsaya, samun madadinsa sai an aika Kano ko Yamai. Ga na'urar ofis, babban ƙarfe da fanka mai faɗin milimita 120 sun wadatar.

Wayoyi da ƙura

Game da wayoyin ciki, ana yawan zuzuta abin. A shekarun 1990, lokacin da faifai ke haɗe da faffaɗan kebur kamar ɗamara, gaskiya ne wayoyi kan tare iska. Tun da siraran wayoyin SATA suka fito a 2003 wannan ya ragu ƙwarai, kuma ɗaure wayoyi ba ya sauko da zafi da yawa. Amma akwai dalilan da suka fi wannan ƙarfi. Na'urar da za a ɗora a mota daga Damagaram zuwa Dogo za ta sha girgiza, kuma wayar da aka bari tana lilo tana iya faɗawa cikin fanka ta tsayar da ita ba wanda ya sani. Tarin wayoyi matattarar ƙura ce, maɓoyar kyankyaso. Sannan mai gyaran da zai buɗe bayan shekara biyu yana bukatar ya ga inda kowace ta dosa. Don haka a bi da su ta bayan babban faranti, a ɗaure ba tare da an shaƙe su ba, a tabbatar babban soket mai baki 24 da na ƙwaƙwalwa mai baki 8 sun shiga har sun yi ƙas. Soket da bai shiga duka ba yana ɗaukar zafi. A 2022 an yi ta kai ƙarar narkewar soket a katin hoto mai tsada na RTX 4090, kuma kamfanin Nvidia ya danganta yawancin abin da rashin tura soket ɗin har ƙarshe.

Na'urar da ta ci jarrabawa ranar farko ba ta gama ba, domin hunturu na nan tafe. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar arewa maso gabas na kwaso ƙura mai laushi daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta bi ta kan Damagaram, kuma fankar da ke jan iska ita ce ke jan ƙurar. A hankali haƙoran ƙarfen su toshe kamar an lulluɓe su da bargo, daidai lokacin da bazara ke ƙaratowa. Idan damina ta zo da danshi, ƙurar ta daskare. Maganin farko shi ne fankokin da ke shigo da iska su ɗan fi masu fitarwa yawa, kuma a sa musu raga, domin iska ta riƙa fita ta ƙananan kafofi maimakon ƙura ta shiga ta nan. Ragar kuwa sai ana wanke ta. Wadda ta toshe ta fi babu illa. A ɗaga akwatin daga ƙasa, a ba shi tazarar taki guda daga bango, kada a kulle shi cikin kabad. Ƙyallen da ake rufa masa don ƙura abu ne mai kyau idan na'ura a kashe take, amma a ofisoshi da yawa akan kunna ta da mayafinta.

Ƙarshen Fabrairu ne lokacin shara mafi dacewa. A zare waya daga bango, a fitar da akwatin waje, a riƙe fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima, a busa. A kula da injin mai faci, domin iskarsa kan zo da ruwa ko mai. Kuma da yake busasshiyar iskar hunturu na tara wa jiki wutar nan da ke tartsatsi idan an taɓa ƙofar mota, a fara dafa ƙarfen akwatin kafin a kai hannu kan kayan ciki.

Saura wuta. Yankin Damagaram da Maraɗi na samun kuran daga layin da ya taso daga Katsina ta Gazawa, kuma jama'a ba su manta da watannin da Nijeriya ta yanke shi ba bayan juyin mulkin Yuli 2023. Ko daga Nijelek ne, ko janareto, ko sola, wutar da ke hawa da sauka na wahalar da akwatin wuta, wanda shi ma zafi ke cinsa. Nan ne masu haɗawa suka fi matse kuɗi, saboda mai saye ba ya tambayar sunansa, alhali idan ya tashi mutuwa yakan tafi da babban faranti. Duk wanda zai iya, ya haɗa da na'urar daidaita wuta mai batir a ciki, wadda za ta ba shi ƴan mintocin adana aiki idan an ɗauke. Ita ma batirinta ba ya son zafi, kada a cusa ta bayan akwatin inda iska mai zafi ke fitowa.