Tiyatar Rage Ƙiba da Ciwon Jiki Mai Naci

Akwai wani irin ciwon jiki da ya daɗe yana ɗaure wa likitoci kai. Mai fama da shi yakan wayi gari jikinsa tamkar an yi masa dukan kawo wuƙa, tun daga wuya har zuwa ƙafafu, ga gajiya, ga barcin da ba ya wartsakarwa, ga kuma yawan mantuwa. Sai a auna jininsa, a ɗauki hoton ƙasusuwansa, a ga komai lafiya ƙalau. Wani likitan Ingila mai suna William Gowers ya yi bayaninsa a shekarar 1904, yana zaton kumburi ne a cikin tsoka. Da bincike ya kasa gano kumburin, sai aka sauya masa suna a 1976 zuwa faibiromayaljiya, wato ciwon tsoka da zaruruwan da suke ɗaure ta. Ana ƙiyasta cewa yana damun mutum 2 zuwa 4 cikin kowane 100, kuma ya fi kama mata.

A 1990 ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka ta tsara yadda za a gane shi: ciwon ya game jiki har na tsawon wata 3, sannan idan aka danna wurare 18 da aka keɓe, a sami zafi a 11 daga cikinsu. A 2010 aka jingine batun dannawar, aka koma auna yawan sassan da suke ciwo da tsananin gajiya da matsalar barci. Fahimtar masana a yau ita ce, asalin matsalar yana cikin laka da ƙwaƙwalwa, inda ake tace saƙon zafi. Alal misali, idan aka ƙure muryar rediyo, ɗan ƙaramin shuu da ba a jinsa a da sai ya cika ɗaki. Haka jijiyoyin mai wannan cuta suke ƙure saƙon da bai taka kara ya karya ba, har ya zama raɗaɗi.

To, ina ruwan ƙiba da wannan? Hanya ta farko a fili take, wato nauyi. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2005 ya nuna cewa duk kilo 1 da mutum ya rage, nauyin da yake sauka a kan gwiwarsa a kowane taku yana raguwa da wajen kilo 4. Amma nauyi kaɗai bai isa ya bayyana komai ba, domin masu ƙiba sun fi sauran mutane fama da zaizayewar gaɓoɓin yatsun hannu, alhali ba da hannu ake tafiya ba. Dalili shi ne kitse ba rumbun ajiya ba ne kurum. Tun da aka gano sinadarin leftin a 1994 aka tabbatar cewa kitse yana fitar da sinadarai cikin jini, kuma wasu daga cikinsu suna rura kumburi maras tsanani wanda ba ya yankewa, yana tsokano jijiyoyin jin zafi. Hanya ta uku ita ce barci. Kitsen wuya yakan toshe maƙogwaro, numfashi ya riƙa ɗaukewa, mutum ya farka sau da yawa ba tare da ya sani ba. Tun a 1975 wani likita a Kanada, Harvey Moldofsky, ya gwada hana lafiyayyun mutane barci mai nauyi, cikin 'yan kwanaki suka fara kukan ciwon tsoka irin na masu wannan cuta.

Ana auna ƙiba ta hanyar raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita wanda aka ninka da kansa. Mai tsawon mita 1.7 da nauyin kilo 120, awonsa ya kai 41.5. Daga 30 ake kiran abin ƙiba. A 1991 an amince a yi tiyata ga wanda ya kai 40, ko 35 idan yana da wata cuta kamar ciwon sukari. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin fannin suka sassauto da iyakar zuwa 35, ko 30 ga mai ciwon sukari da makamantansa. Aiki iri biyu ne suka fi yawa. A na farko, wanda Edward Mason ya fara a Jami'ar Iowa cikin shekarun 1960, ana ware ɗan ƙaramin aljihu kamar girman ƙwai daga tumbi, a haɗa shi kai tsaye da ƙaramin hanji, abinci ya tsallake sauran tumbin. A na biyu ana yanke wajen kashi 80 cikin 100 na tumbin a fitar, a bar siriri mai siffar ayaba.

Abin da yake biyo baya game da ciwo ya fito sosai a wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2016, wanda ya bi sawun mutum fiye da 2,000 har shekara 3. A shekarar farko, fiye da rabinsu sun sami sauƙin ciwon jiki na a zo a gani. Zuwa shekara ta uku adadin ya ɗan sauko ƙasa da rabi. Masu ciwon gwiwa da ƙugu su suka fi cin moriya, wanda ba abin mamaki ba ne. Game da faibiromayaljiya ita kanta, binciken da aka yi ƙanana ne, a kan mutane ƙalilan, kuma sun nuna raguwar ciwo bayan aikin. Sai dai wuƙar likita tumbi ta taɓa, ba ta taɓa laka ba. Wanda ya kwanta a gadon tiyata da fatan rabuwa da cutar baki ɗaya ya ɗora wa aikin kayan da ba nasa ba. Hasali ma, masu irin waɗannan jijiyoyi sukan fi jin zafin yankan kansa a makonnin farko.

Babban ƙalubalen yana wajen magani. Bayan an karkatar da tumbi, likitoci kan hana shan ibufurofen da dikulofenak da danginsu, waɗanda ake saye a kemis kamar gyaɗa, saboda suna haddasa gyambo a mahaɗar tumbi da hanji, wanda kan iya zubar da jini ko ya huje. Idan aka rufe wannan ƙofa, sai wasu su karkata ga magunguna dangin mofin, irin su tiramadol. Wani bincike na 2013 a kan mutum sama da 11,000 ya gano cewa daga cikin waɗanda suka saba shan irin waɗannan magunguna kafin aiki, kashi 77 cikin 100 sun ci gaba da sha bayansa, kuma yawan abin da suke sha ya ƙaru da kashi 13 cikin 100. Wato jiki ya ragu, amma maganin bai ragu ba.

Haka kuma, hanjin da aka gajarce wa hanya ba ya tsotse abinci kamar da. Ƙarancin bitamin B12 da B1 yana lalata jijiyoyi, ya kawo zugi da mutuwar tafin ƙafa. Ƙarancin bitamin D yana kawo ciwon ƙashi da raunin tsoka. Ƙarancin sinadarin ƙarfe kuwa rashin jini da gajiya yake haifarwa. Duk waɗannan sun yi kama da alamomin faibiromayaljiya, don haka abu ne mai sauƙi mai cutar ya ɗauka tsohon ciwonsa ne ya motsa, ya ƙi zuwa asibiti har jijiyar ta yi lalacewar da ba ta gyaruwa. Shi ya sa ake ɗora wanda aka yi wa aikin a kan ƙarin bitamin har iyakar rayuwarsa, tare da awon jini akai-akai a shekarar farko, daga baya kuma aƙalla sau ɗaya a kowace shekara.