Yunwar Dare da Ƙidayar Kalori a Birnin Alƙahira

Hausawa kan yi wa yunwa kirari da cewa, "Yunwa, a ba ki a huta." Wanda duk ya taɓa ɗaura niyyar rage ƙiba ya san gaskiyar wannan kirari, musamman idan dare ya tsala, ya riga ya ci rabonsa na yini, ga shi kuma ciki yana ƙugi. Wannan matsala ta kowa ce, amma tana da nauyi na musamman ga baƙon da ya sami kansa a Alƙahira, babban birnin ƙasar Masar, inda mutane da yawa ba sa kwanciya da wuri, abinci kuma ba ya yankewa a kan titi.

Hausawa da maƙwabtansu ba baƙi ba ne a wannan birni. Tun a ƙarni na 13 mutanen Kanem suka ba da dukiya aka gina makarantar Ibn Rashiƙ domin ɗalibai da alhazansu, daga baya kuma aka keɓe wa Barebari masauki a cikin masallacin Azhar. A shekarun 1950 aka gina wa ɗaliban ƙasashen waje unguwa guda a Abbasiyya, wadda ake kira Madinatul Bu'us. Har yau ɗalibai daga Kano da Sakkwato da Maraɗi suna zuwa karatu, wasu mutanen kuma neman magani ko fatauci ne ke kai su. Da yawansu kan tarar cewa bayan shekara ɗaya ko biyu wandon da suka zo da shi daga gida ya matse su.

Yadda ƙiba ta zama abin damuwa

A al'adar Bahaushe ta dā, ƙiba alama ce ta hutu da wadata. Idan aka ce wane ya ajiye tumbi, ko wance ta yi ɓul-ɓul, sau da yawa yabo ake nufi. Likitoci kuwa sun nuna cewa ƙibar da ta wuce kima tana buɗe ƙofa ga ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya da ciwon gwiwa. A watan Oktoba na 2018 gwamnatin Masar ta ƙaddamar da wani gangami na duba lafiyar jama'a, wanda aka auna manya kusan miliyan 50 a cikinsa. Sakamakon ya nuna cewa kusan kashi 40 cikin ɗari na waɗanda aka auna suna da ƙiba mai yawa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ga likita a Alƙahira ya umarci majiyyaci ya riƙa ƙidaya abin da yake ci.

Ma'aunin da ake amfani da shi a wannan ƙidaya shi ne kalori, wato adadin ƙarfin da abinci ke bai wa jiki. Giram ɗaya na sitaci ko sukari yana ba da kalori 4, haka ma giram ɗaya na furotin, wato sinadarin gina jiki da ake samu a nama da ƙwai da wake. Giram ɗaya na mai kuwa kalori 9 yake bayarwa. Idan mutum ya ci fiye da abin da jikinsa ya ƙone, jiki sai ya adana rarar ta zama kitse. Idan ya ci ƙasa da haka, jiki sai ya koma kan ajiyarsa. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a rage kimanin kalori 500 a kowace rana, abin da kan sa a sauke kusan rabin kilo a mako a farkon tafiya.

Dalilin da ya sa yunwa ke tasowa da dare

Dalili na farko yana cikin halittar jiki. Akwai wasu sinadarai biyu da ke kai wa ƙwaƙwalwa saƙo game da abinci. Ɗaya shi ne leptin, wanda Jeffrey Friedman da abokan aikinsa suka gano a Amurka a 1994. Kitsen jiki ne ke fitar da shi, aikinsa kuma ya sanar cewa akwai isasshiyar ajiya. Ɗayan shi ne girelin, wanda masana a Japan suka gano a 1999. Tumbi ne ke fitar da shi domin ya tayar da yunwa. Idan mutum ya fara ramewa, leptin yakan ragu, girelin ya ƙaru. Ke nan yunwar mai rage ƙiba martani ne na jiki da ke ƙoƙarin mayar da abin da ya rasa.

Dalili na biyu shi ne agogon jiki. Wani bincike da Frank Scheer ya jagoranta a birnin Boston, wanda aka buga a 2013, ya nuna cewa sha'awar abinci tana yin ƙasa da safe, ta kai ƙololuwa wajen ƙarfe 8 na dare, kuma abin da rai ya fi so a lokacin shi ne mai zaƙi da mai gishiri da mai sitaci.

Dalili na uku shi ne ƙarancin barci. A 2004 masana a Jami'ar Chicago suka taƙaita barcin wasu samari zuwa awa huɗu har dare biyu. Leptin ɗinsu ya ragu da kashi 18 cikin ɗari, girelin ya ƙaru da kashi 28, suka kuma ce sun fi jin yunwa. Ɗalibin da ke raba dare yana bitar karatu saboda jarrabawa yana cikin irin wannan hali.

Dalili na huɗu kuwa na ɗabi'a ne. Mutum yakan ƙi karin kumallo, ya tsakuri abincin rana, yana ganin ya yi dabara. Da dare ya yi sai jiki ya zo karɓar bashinsa har da riba.

Abin da dare ke tanada a Alƙahira

Misirawa suna kiran gurasarsu aish, kalmar da ke nufin rayuwa a Larabci. Gwamnati tana tallafa wa farashinta: fiye da shekara 30 ana sayar da gurasar tallafi a kan ƙirshi 5, sai a watan Yuni na 2024 aka mayar da ita ƙirshi 20. Kusan kowane abinci da ita ake ci. Akwai ful, wato dafaffen wake da ake zuba wa mai da lemon tsami. Akwai ɗa'amiyya, wadda ta yi kama da ƙosai, don ita ma niƙaƙƙen wake ce ake soyawa a mai. Akwai kushari, haɗin shinkafa da taliya da adas da miyar tumatir da soyayyiyar albasa, wanda kan tuna wa Bakano garau-garau. A watan Disamba na 2020 hukuma ta sanya wa shaguna da gidajen abinci lokacin rufewa, amma ta bar masu kai abinci gida su yi aiki dare da rana. Mai jin yunwa da ƙarfe ɗaya na dare waya kawai zai ɗaga.

Lissafi kaɗan zai nuna yadda abin ke faruwa. A ɗauka jikin wani ɗalibi yana buƙatar kalori 2,300 a yini, ya kuma tsayar wa kansa 1,800. Ya kiyaye wannan iyaka har bayan sallar isha'i. Can cikin dare ya ci gurasa biyu, kowace tana da kalori wajen 240, ya sha shayi kofi uku, kowanne da ƙaramin cokali uku na sukari. Cokali ɗaya kalori 16 ne, tara sun ba da 144. Jimla ta haura 600, ba a ma sa abin da ya haɗa da gurasar ba. Ragin 500 da ya wahala a kansa tun safe ya tafi a zama ɗaya.

Dabarun shawo kan matsalar

Dabara ta farko ita ce a ware wa dare kasonsa tun da safe. Wancan ɗalibi yana iya raba 1,800 ɗinsa kamar haka: 400 karin kumallo, 600 abincin rana, 550 abincin dare, 250 kuma a ajiye don lokacin da yunwa ta saba zuwa. Abin da aka tsara cinsa ba ya ɓata lissafi, kuma ba ya barin mutum da nadama.

Ta biyu ita ce zaɓen abin da ke riƙe ciki. Furotin da harza, wato ɓangaren ganye da hatsi da ba ya narkewa da sauri, sun fi sukari da farin gari daɗewa a ciki. Dafaffen ƙwai yana da kalori wajen 75. Zabadi, wato kindirmon Masar, idan ba a sa masa sukari ba, yana da sauƙin kalori. Haka tirmis, wani irin wake mai launin rawaya da ake jiƙawa a sayar a bakin kogin Nilu, da kokwamba da tumatir, da miyar adas a lokacin sanyi. Ful ma abinci ne mai kyau, muddin an lura da man da ake kwarara masa, domin babban cokali ɗaya na mai yana da kalori 120.

Ta uku ita ce rarrabe yunwa da kwaɗayi. Yunwar gaskiya a hankali take zuwa, kuma kowane abinci yana kashe ta. Kwaɗayi kuwa farat ɗaya yake tasowa, ya nace a kan abu guda, kamar kunafa ko soyayyen dankali, sau da yawa saboda gajiya ko kewar gida. Wanda ya sha ruwa ko zoɓo marar sukari, wanda Misirawa ke kira karkade, ya dakata kamar minti 15, yakan gane wanne ne ke damunsa. Shayi da gahawa kuwa gara a bar su da yamma, don suna kore barci, rashin barci kuma yana ƙara yunwa.

Ta huɗu ita ce gaggauta cin babban abinci. A Masar an saba jinkirta abincin rana har zuwa la'asar. Wani bincike da aka yi a Sifen a kan mutum 420, aka buga a 2013, ya nuna cewa masu cin abincin rana kafin ƙarfe 3 sun fi masu ci bayan haka sauke nauyi, alhali adadin kalorin da suke ci kusan ɗaya ne.

Watan azumi

Da azumi, ci gaba ɗaya yakan koma dare. Bayan shan ruwa tituna sukan cika da masu sayar da kunafa da ƙaɗayif, kafin asuba kuma mai ganga, wanda ake kira masaharati, ya zaga unguwa yana tashin mutane sahur, kamar yadda samari ke yi a garuruwan Hausa. Mai ƙidayar kalori yakan buɗe baki da ruwa da dabino biyu ko uku, ya yi salla, sannan ya ci abinci a natse. Ya ɗanɗani kayan zaƙi kaɗan, ya jinkirta sahur, ya sa wake ko ƙwai ko zabadi a ciki. Malamai kan tunatar da koyarwar da ta ce a raba ciki uku, tsakanin abinci da abin sha da numfashi.

Lokacin da ya kamata a ga likita

Ba kowace yunwar dare ake jurewa ba. Mai ciwon suga da ke yin allurar insulin, idan ya farka da yunwa da gumi da rawar jiki, mai yiwuwa sukarin jininsa ne ya faɗi. Wajibi ne ya sha wani abu mai zaƙi nan take, ya kuma sanar da likitansa. Mace mai ciki ko mai shayarwa ba ta rage abinci sai da shawarar asibiti. Akwai kuma wata lalura da likita Albert Stunkard ya bayyana a 1955, inda mutum ke cin kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye na abincinsa bayan abincin dare, ko ya riƙa farkawa daga barci don ya ci. Wannan tana buƙatar kulawar masana. Wanda kuma ya ga kullum yunwa tana hana shi barci, alama ce ya matsa wa kansa fiye da kima, sai ya ƙara abin da yake ci da rana, ya bi a hankali. Sannu ba ta hana zuwa, in ji Hausawa, sai dai a daɗe ba a je ba.