Wa ke biyan kuɗin horar da injiniya a Jami'ar Bayero?

A cikin ganuwar Kano, a Makarantar Nazarin Larabci, aka kafa Kwalejin Ahmadu Bello a 1960, wadda ta zama Jami'ar Bayero a 1977. A yau jami'ar na da Tsangayar Injiniya, inda ake horar da injiniyoyin gine-gine, lantarki da ƙere-ƙere.

Wannan karatu yana da tsada, domin yana buƙatar injuna, ɗakunan gwaji da wutar da ba ta yankewa.

Kuɗin na shigowa ta ƙofa uku. Gwamnatin Tarayya ke biyan albashi. Asusun TETFund, wanda harajin kamfanoni ke ciyarwa, ke ɗaukar nauyin manyan gine-gine, kayan aiki da tallafin bincike. Kuɗin wuta da gyaran injuna kuwa, galibi daga abin da jami'a ta tara da kanta suke fita, ciki har da kuɗin rajistar ɗalibai, wanda aka ƙara a 2023.

A nan gizo ke saƙa: injin da babu kuɗin kunna shi ba ya koyar da kowa, kuma giɓin kan faɗo ne a aljihun iyaye. Saboda haka idan kasafi ya zo majalisa, a tambayi nawa aka ware wa gudanarwa.